Mijina ya rasu a Amurka, ciwo kuma ya hana ni aiki: sai na kai shekara 60 za a biya ni?

Wata baiwar Allah da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ta aiko da wannan tambaya: "Shekaruna 52. Maigidana ya rasu a watan Oktoba na 2021 yana da shekara 58, bayan ya yi sama da shekara 20 yana tuƙin tasi a nan. A Kano aka ɗaura mana aure a 1996. Bayan rasuwarsa Social Security (hukumar fansho ta gwamnatin Amurka) ta riƙa biyana ni da autanmu, amma da yaron ya cika shekara 16 a watan Yuni na 2023 sai aka tsayar da nawa. Na koma aikin kula da tsofaffi a gidajensu, sai ciwon sukari ya taɓa mini jijiyoyin ƙafa, ga kuma gwiwoyi. Tun farkon 2024 ban sake iya aiki ba. An ce mini ba ni da komai a kuɗin mijina sai na kai 60. Haka ne?"

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki lafiya. Wanda ya faɗa miki haka rabin dokar ya sani. Gaskiya ne matar da mijinta ya rasu ba ta fara karɓar kuɗin da ya tara a Social Security sai ta kai 60, in dai lafiyarta ƙalau kuma ba ta riƙe da yaro ƙasa da shekara 16. Amma tun gyaran dokar da aka yi a 1967 an buɗe wata ƙofa ga wadda lalura ta hana ta aiki: tana iya farawa daga shekara 50. Sunan wannan haƙƙi a bakin ma'aikatan hukumar shi ne Disabled Widow's Benefits, suna taƙaita shi da DWB, kuma ki riƙe sunan nan don shi za ki ambata idan kin buga waya. Namijin da matarsa ta rasu ma dokar ɗaya ce a kansa, babu bambanci ko kaɗan.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Ki kasance kin cika 50 ba ki kai 60 ba. Auren ya kai wata 9 kafin rasuwar, ko da yake ana ɗage wannan idan kun haihu tare, ko kuma hatsari ne ya yi ajalinsa. Marigayin ya tara makin aiki isasshe, wato makin da hukumar ke rubuta wa mai biyan harajinta. Lalurarki ta cika ma'aunin nakasa na hukumar. Sannan lalurar ta fara a cikin wa'adin da doka ta yanka. Wadda aka saka kafin rasuwar ma tana da haƙƙi, muddin auren ya kai shekara 10.

Wa'adin nan shi ya fi kayar da mutane, saboda haka bari mu tsaya a kansa. Doka ta ce dole nakasar ta kasance ta fara kafin rasuwar mijin, ko kuma cikin shekara 7, wato wata 84, bayan rasuwar. Da rasuwar kaɗai za a duba, da wa'adinki zai ƙare a watan Oktoba na 2028. To amma ke kin karɓi kuɗin uwa mai riƙon yaro, kuma ga wadda ta karɓi wannan, ana fara ƙirga shekara bakwai ɗin ne daga watan ƙarshe da aka biya ta. Naki zai kai tsakiyar 2030 ke nan. Ciwon da ya zaunar da ke a farkon 2024 yana cikin wa'adin, kina da sarari. Abin da mutane ba su fahimta ba shi ne, ba ranar da aka cike fom ake aunawa da wa'adin ba, ranar da nakasar ta fara ake aunawa, kuma takardun asibiti ne kaɗai ke tabbatar da wannan ranar. Matar da mijinta ya rasu tana da shekara 41, ciwo ya kwantar da ita tana da 47, ba za a biya ta ba sai ta cika 50, amma idan ta cika za a biya ta in har fayil ɗinta na asibiti ya nuna cewa tun kafin ta wuce 48 ciwon ya kai matakin hana aiki. In kuwa a waɗannan shekarun ba ta zuwa asibiti, tana ta haƙuri a gida da jiƙe-jiƙe, to ko da kowa a unguwa ya shaida ba ta iya tashi, hujjar ba za ta tsaya ba.

Sai batun makin aiki, kuma a nan ina so ki bincika, kada ki ɗauka an gama. Ana samun maki ne ta hanyar biyan harajin Social Security a kan abin da mutum ya samu, maki 4 ne iyaka a shekara. A 2025 kowace dala 1,810 ta albashi tana ba da maki 1. Wanda ya tara 40 ya gama. Wanda ya rasu kafin ya kai shekarun ritaya ana rage masa: ana neman maki ɗaya a madadin kowace shekara daga bayan cikarsa 21 zuwa shekarar da ta gabaci rasuwarsa. Maigidanki da ya rasu yana da 58, maki 36 ko 37 ake nema a wurinsa, gwargwadon shekarar haihuwarsa, kuma ba a duba cewa ya shigo ƙasar ne da girmansa, daga 21 ɗin ake ƙirgawa. Dalilin da ya sa na ce ki bincika: kuɗin da aka biya ki ke da yaro ana iya bayar da shi ko da maki 6 kawai marigayi ya tara a cikin kimanin shekara uku na ƙarshen rayuwarsa. DWB kuwa sai da cikakken maki. Direbobin tasi da yawa masu aikin kansu ne, abin da suka bayyana a takardar haraji shi kaɗai ake rubuta musu, kuma shekarar da ribar da aka bayyana ba ta kai dala 400 ba babu maki a cikinta. In shekara 20 ɗin nan yana cike harajinsa, babu damuwa. Ki tambayi ma'aikacin hukumar kai tsaye ko marigayin ya cika makin da ake nema don kuɗin matar mamaci, kuma ki nemi a duba miki shekarun da suka fito babu komai. Idan kina da kofen takardun harajinsa na waɗannan shekarun, ki ajiye su kusa.

Nawa za a biya? Kashi 71.5 cikin 100 na cikakken kuɗin da aka lissafa wa marigayin. In nasa dala 2,000 ne a wata, naki 1,430 ne. Wannan kason ɗaya ne ko kin fara a 50 ko a 59, haka yake tun 1984, saboda haka jira ba ya ƙara miki ko sisi a tsakanin waɗannan shekarun, asara kawai yake jawowa. Ana iya biyan ki na baya, amma iyakarsa wata 12 kafin watan da kika nema. Akwai kuma watanni 5 na jira daga fara nakasar waɗanda ba a biyan komai a cikinsu. Ke naki sun riga sun wuce tun a 2024. Ma'ana, duk watan da ya shige yanzu ba ki nema ba, kuɗin wata guda ne ya tafi ba zai dawo ba.

Tun da ke ma kin yi aiki, ki ce a duba miki naki kuɗin nakasar, wanda ake kira SSDI. Ga mai shekarunki ana neman maki 20 a cikin shekara 10 da suka gabaci fara nakasar, tare da wasu makin na baya. In kin cika, ba a ba ki biyun cif-cif. Ana biyan naki, sannan a cika miki daga na marigayi idan nasa ya fi. In kuma ba ki da kuɗin shiga, kuma abin da kika mallaka ban da gidan da kike ciki da mota ɗaya bai wuce dala 2,000 ba, akwai SSI, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi da suka nakasa ko suka tsufa, wanda iyakarsa daga gwamnatin tarayya dala 967 ne a wata a 2025. SSI na da nasa sharuɗɗan masu tsauri ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Gwajin nakasa ɗaya ne ake yi wa ukun, don haka a nema su tare a zama guda.

Yadda ake nema: wannan haƙƙin ba a cike shi ta intanet. Za ki kira 1-800-772-1213 ko ki tuntuɓi ofishin hukumar na unguwarku, ki ce kina son a sa miki rana don neman DWB. Ki rubuta ranar da kika kira da sunan wanda ya amsa, domin ranar da kika bayyana niyyar nema ana iya riƙe ta a matsayin ranar nemanki ko da ganawar sai bayan makonni. Ki nemi tafintan Hausa tun a kiran farko. Kyauta hukumar ke bayarwa. Ba na ba da shawarar a sa ɗa ko 'ya su yi tafinta a irin wannan zama, saboda akwai tambayoyin da uwa ba za ta amsa tsakani da Allah a gaban ɗanta ba: riƙe fitsari, wanka, kuka da dare.

Fom ɗin neman shi ne SSA-10. Tare da shi akwai SSA-3368, rahoton lalura, inda za ki jera cututtuka, likitoci, asibitoci, magunguna da ayyukan da kika yi, sai SSA-827 wanda ke ba su izinin karɓo bayananki daga asibiti. Ki cike 3368 a gida a natse kafin ranar. Ki tanadi lambar Social Security taki da ta marigayi, takardar shaidar rasuwa, shaidar haihuwarki, shaidar aure, takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama, da lambar asusun banki. Takardu na asali suke karɓa, ko kofen da ofishin da ya bayar da takardar ya buga wa hatimi. Hoton takarda ba ya wadatarwa. Takardar da ke cikin Hausa, Larabci ko Faransanci ki kai ta yadda take, su ke da alhakin fassarawa. Kuma kada rashin wata takarda ya sa ki ɗage nema. Ki nema, ki kawo daga baya.

Game da auren Kano: ƙa'idar ita ce hukumar tana duba ko kotunan jihar da marigayi yake zaune lokacin rasuwarsa za su ɗauke ki matarsa, ko za ki gaje shi a matsayin mata. Auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi galibi ana amincewa da shi. Ke an riga an biya ki a matsayin matarsa, don haka da wuya a sake tayar da maganar. Amma ga sauran 'yan uwa masu karantawa, a nan ake yawan samun tsaiko. Wadda ba ta da takardar aure tana iya kawo takardar kotu ko ta limamin da ya ɗaura, bayanin waɗanda suka halarta, takardun shige da fice da suka nuna su mata da miji, takardun haraji na haɗin gwiwa, da takardun haihuwar yara. Idan marigayin yana da wata matar a gida, a faɗa tun farko. Irin wannan shari'a ana duba ta ne ɗaya bayan ɗaya bisa dokar jihar, kuma akwai tanadi ga macen da aka ɗaura mata aure da zuciya ɗaya ba ta san da wani cikas na doka ba, in suna zaune gida ɗaya lokacin rasuwar. Ɓoye maganar shi ke jawo a biyo mutum bashin kuɗin da aka riga aka biya shi. Wannan wuri ne da ya cancanci a ga lauya kafin a sa hannu a komai.

Bayan ofishin ya gama da shekaru, aure da maki, sai a tura fayil ɗin zuwa wani ofishin jiha mai tantance nakasa, inda ma'aikaci da likita ke yanke hukunci. Kafin 1991 ma'aunin da ake yi wa matan mamata ya fi na kowa tsanani. Yanzu ɗaya ne da na duk wani ma'aikaci. Ma'aunin shi ne: lalurar da likita ya tabbatar, wadda ta hana ki aikin da zai kawo kuɗin kirki, kuma ta kai wata 12 ko ana sa ran za ta kai, ko kuma za ta yi ajali. Babu rabin nakasa a wannan tsarin. Suna fara duba ko kina aiki: a 2025 wanda ke samun sama da dala 1,620 a wata ana ɗaukarsa mai iya aiki, makaho kuma 2,700. Sai su duba ko ciwon ya yi tsanani, sannan ko ya dace da jerin cututtukan da hukumar ta tsara waɗanda in an cika sharuɗɗansu an wuce kai tsaye. Ciwon sukari shi kaɗai ba ya cikin jerin tun 2011. Ana auna shi ne ta ɓarnar da ya yi wa jijiyoyi, ƙoda, ido ko zuciya. Yawancin mutane ba sa cika jerin, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Daga nan sai a auna abin da ya rage miki na ƙarfin aiki: awa nawa za ki iya tsayuwa, tafiya da zama a yinin aiki na awa 8, nauyin da za ki iya ɗagawa, durƙuso, hawa bene, riƙe abu da yatsu. Da wannan ake tambaya biyu: za ki iya komawa aikin da kika yi a shekara 5 na baya? In a'a, akwai wani aikin da za ki iya?

A nan shekarunki suna taimaka miki ƙwarai. Hukumar na da jadawalin da ke haɗa shekaru, ilimi, irin aikin da aka saba da ƙarfin da ya rage. Mai shekara 50 zuwa 54 da aka tabbatar ba ta iya komai sai aikin zaune, wato ba ta ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo 4 da rabi kuma tsayuwa da tafiyarta ba su wuce kamar awa 2 a yini ba, in ba ta da ƙwarewar da za ta ɗauka zuwa aikin ofis, jadawalin yana cewa ta nakasa. Daga 55 abin ya ƙara sauƙi: ko da za ta iya aiki mara nauyi, mai ɗaga har kilo 9 jefi-jefi da tsayuwar kusan awa 6, sau da yawa ana amincewa. Akwai ma tanadi na musamman ga wadda ta kai 55, karatunta bai kai ƙarshen sakandare ba, ba ta da wani aikin albashi a shekarun baya, kuma tana da lalura mai tsanani. Wannan ya shafi matan gida da yawa a cikin al'ummarmu. Aikin kula da tsofaffi aikin ƙarfi ne, akwai ɗaga mutum, juya shi a gado, yi masa wanka. Ki rubuta shi yadda kika yi shi, da nauyin da kike ɗagawa da awannin tsayuwa. In kika rubuta "kula da tsofaffi" kawai, mai dubawa na iya ɗauka zaman hira ne da miƙa magani. Rashin jin Turanci kuwa, tun Afrilun 2020 an daina lissafa shi, kuma karatun da aka yi a gida Najeriya ko Nijar ko Gana ana ƙirga shi a matsayin ilimi.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Tarbiyyarmu ta koya mana idan an tambayi mutum jiki ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Likita kuwa abin da ya ji yake rubutawa, sai fayil ya cika da "tana samun sauƙi, ba ta da ƙorafi," wata bayan wata, kuma wannan fayil ɗin shi mai yanke hukunci zai karanta, bai taɓa ganinki ba. Godiya ga Allah ba ta hana faɗa wa likita gaskiya. Ki gaya masa minti nawa kike iya tsayuwa kafin ƙafa ta ɗauki zafi ko ta mutu, ko kin taɓa faɗuwa, ko a zaune kike salla saboda ruku'u da sujada sun gagara, wa ke yi miki girki da cefane, sau nawa ciwo ke tashinki da dare. Ki roƙe shi ya rubuta. In kina dogara sanda, likita ya rubuta miki ita a matsayin abin da kike buƙata, don sandar da mutum ya saya da kansa ba ta da nauyi a fayil kamar wadda likita ya rubuta. Ga irin ciwonki, takardun da ke magana su ne sakamakon gwajin sukarin jini na A1C na tsawon lokaci, gwajin jijiyoyi na EMG, hoton gwiwa, bayanin likitan ƙafa da na ido, da gwajin ƙoda. Wasiƙar da likita zai rubuta "ba ta iya aiki" ba ta da tasiri sosai, domin wannan hukuncin na hukuma ne. Wadda ke da amfani ita ce mai cewa ba ta iya tsayuwa fiye da minti kaza, ba ta ɗaga fiye da kaza, ga gwajin da ya nuna dalili. Idan kuma tun rasuwar maigida barci ya ƙaurace, zuciya ta ƙuntata, ba kya son shiga mutane, wannan ma lalura ce da ake lissafawa, amma sai in likita ya gani ya rubuta. Ana haɗa dukkan cututtuka a auna su tare, saboda haka kada ki bar ko ɗaya don kina ganin ƙarami ne.

Za a aiko miki da wani fom, SSA-3373, mai tambayar yadda kike yini. Ki amsa da yadda yawancin kwanakinki suke, kada ki ɗauki ranar da kika fi jin daɗi, kada kuma ki ƙara gishiri, don ana gwada amsarki da abin da ke fayil ɗin asibiti. In bayanan ba su isa ba za su tura ki wurin likitan da su za su biya. Rashin zuwa wannan ganawar ba tare da sanarwa ba yana iya sa a ƙi mutum. Haka ma barin magani: in an ga likita ya rubuta magani ba kya sha, za a tambayi dalili. Rashin kuɗi ko illar maganin dalilai ne da ake saurara, amma a faɗe su a rubuta. Hukuncin farko yakan ɗauki wata 6 zuwa 8.

Ana ƙin mutane da yawa a zagayen farko, har da waɗanda daga baya ake ba su. In takardar ƙi ta zo, kina da kwana 60 daga ranar da ta same ki, kuma suna ɗauka ta same ki kwana 5 bayan ranar da ke jikinta. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a bar wa'adin ya wuce a sake sabon nema, domin kuɗin baya na iya salwanta, kuma ga wadda wa'adinta na shekara bakwai ya riga ya ƙare, tsohon hukuncin na iya rufe ƙofar gaba ɗaya. Matakin farko shi ne neman a sake dubawa da fom SSA-561. In an sake ƙi, sai neman zama gaban alƙalin hukumar da fom HA-501, kuma nan ne karo na farko da mai hukunci zai ji ki da bakinki. Bayansa akwai majalisar ɗaukaka ƙara, sannan kotun tarayya. Lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar ladan aiki sai an yi nasara: kashi 25 cikin 100 na kuɗin baya, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka saba iyakarsa dala 9,200 tun ƙarshen Nuwamba na 2024, hukumar ce ke cirewa ta biya su. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi a hannu don ya "shigar da ke", ki guje shi. Akwai kuma ofisoshin taimakon shari'a na kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi.

Idan an amince, bayan wata 24 na cancantar kuɗin za ki samu Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ba sai kin kai 65 ba, kuma watannin baya da aka biya ki suna cikin lissafin. Ga mai ciwon sukari wannan na iya fin kuɗin kansa amfani. Wadda take karɓar SSI kafin nan, watanninta na SSI ana lissafa su cikin watanni biyar na jira da kuma 24 ɗin, kuma in kuɗin DWB ya sa aka tsayar mata da SSI, doka ta tanadi a bar mata Medicaid, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, har Medicare ya fara; sai dai a je ofishin Medicaid a faɗa, don ba kullum suke ganewa da kansu ba. Wadda ta riga ta wuce 60 tana karɓar kuɗin matar mamaci ma tana iya neman a tabbatar da nakasarta don Medicare kaɗai.

Maganar sake aure tana zuwa, tun da ba a barin mace ta zauna haka a al'adarmu. Auren da aka yi kafin shekara 50 yana hana wannan haƙƙin muddin auren yana nan. In ya mutu, haƙƙin na dawowa. Auren da aka yi bayan 50 ba ya hanawa, da sharaɗin nakasar ta riga ta same ki lokacin ɗaurin auren. Ke kin wuce 50 kuma ciwon ya riga ya zaunar da ke, amma tun da hukumar ba ta tabbatar da ranar fara nakasar ba tukuna, ya fi aminci a bari hukunci ya fito. In an ɗaura, ki sanar da su ko da a masallaci kawai aka yi, domin a jihar New York auren da limami ya ɗaura na iya zama aure a idon doka ko ba a karɓi lasisi ba.

Sai zuwa gida. In kin zama 'yar ƙasar Amurka, kuɗin DWB na bin ki Najeriya. In katin zama gare ki, ƙa'idar ita ce ana tsayar da biya bayan kin cika wata 6 a waje, sai in kin shiga cikin waɗanda aka keɓe, abin da ya danganta da ƙasar da kike riƙe da fasfonta da yawan makin marigayi, kuma ana neman ku zauna a Amurka shekara 5 a matsayin mata da miji. Najeriya, Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar Social Security da Amurka, don haka ki tambayi ofishin matsayinki kafin ki sayi tikiti. SSI yana tsayawa idan kin yi wata guda cur a waje, Medicare kuma ba ya biyan asibitin Kano. Yayin da fayil ɗinki ke hannunsu, doguwar tafiya na sa wasiƙa ta zo ba kowa, wa'adi ya wuce, ganawar likita ta kuɓuce. In tafiyar ta zama dole, ki sanar da ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin, ki sa wani amintacce ya riƙa buɗe miki wasiƙu, kuma duk asibitin da kika je a can ki karɓo rahoto mai kwanan wata, sa hannun likita da hatimi, ki haɗa da sauran takardunki idan kin dawo.